Bazabarme da Fatsar Gashin Zabo

Bawana Bazabarme, ina gajiyar kogi? Labari ya iske ni har Tibiri cewa an gan ka ƙarƙashin gadar Kennedy a Yamai, ruwa iya cinya, kana wulwula wata doguwar sanda bisa kai kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero. Wai a salula ka ga Amurkawa na yin haka a kogin Hudson, lokacin da wani kifinsu mai zane-zane ke baro teku ya hauro kogi don zuba ƙwai. Ba tana, ba gara, sai gashin tsuntsu da aka ɗaure wa ƙugiya. Shi ne ka tare zabon maƙwabta ka fige.

Kai da aka haifa a Gamkalle, Sarkawa na wucewa ƙofar gidanku da birgi da mamari tun kana cikin tsumma, me ya hana ka tambaye su? Giwan ruwa ba ya lasar gashi. Can cikin gurbi yake laɓewa gindin duwatsu, sai ɗan karfasa ya gilma ya haɗiye shi. Ga shi kuma watan Agusta ne, ruwan Sirba ya rine kogin Isa ya yi ja wur da laka. Kifin bai ga gabansa ba, balle gashin zabonka.

Da farko na yi niyyar yi maka faɗa. Domin yanzu ne ruwa ke hawa cikin burgu, tarwaɗa da karfasa su bi shi su zuba ƙwai a ciyawa. Mu Gobirawa mutanen tudu ne, amma ko yunwa ta kai ina ba mu daka iri. Sai na tuna da wanda nake magana, hankalina ya kwanta. Ko a 1985, da kogin ya tsaya a Yamai har ana ƙetarawa da ƙafa, ban ji ka kama ko kurungu ba. Ganyen kopto dai ba ya gudu, shi ya sa ku Zabarmawa kuka gwanance a kansa.

Af, kifin da ka kai wa uwargida ka ce hannunka ne, an ce da ƙanƙara a bakinsa ya iso gida. Matar da ta sayar maka Bagobira ce, har yanzu tana bin ka jaka biyu. Ka biya ta, ka biya mai zabo, kan kifin kuma ka aiko wa ubangidanka a motar Maraɗi.