Zuwa Ga Sarkin Rowan Kwari

Alhaji Na-Ƙulle, Sarkin Rowan Kantin Kwari, ranka ya daɗe. Bazazzagin ubangidanka ne ke gaisuwa. An ce har gobe kana nan kan bakanka, wai kai ba ka yarda da banki ba, kuɗinka ba za su kwana a hannun wanda bai san zafin nemansu ba. To madalla. Amma wannan ƙarar da wayarka ke yi, ka zabura ka washe baki ka ce "ya shigo, a ɗaure masa kaya", daga ƙarƙashin katifa take fitowa?

Bankin nan mai tambarin giwa, First Bank, da kake aika yaron shago a ɓoye, ya girmi kakanka, kai ya ma ba Najeriyar kanta shekara 20. A 1894 aka buɗe shi a Legas da sunan Bank of British West Africa, kuma wanda ya tsaya a kansa ɗan kasuwa ne irinka, Alfred Jones, Baturen kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster. Bambancinku kawai shi yana biyan 'yan dako ba sai an yi shari'a ba. Babban aikin bankin a lokacin shi ne shigo da sulallan azurfa daga Ingila, domin gwamnatin Turawa da kamfanoninsu su sami abin biya. Naku kakannin kuwa suna zaune a Kurmi suna ƙirga wuri har la'asar, a ɗura a keso a ɗora wa jaki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 (sai da ya fara tsayawa ya gaishe mu a Zariya, kamar yadda ladabi ya tanada), cinikin gyaɗa ya buɗe, sule ya kori wuri, Bakano ya ga abin da ya fi so a duniya.

A nan kam zan ba ka gaskiyarka, ko da yake ba ka saba da ita ba. Bankunan Turawa na wancan zamani ajiyar baƙar fata suke karɓa hannu biyu, in ya zo neman bashi a nuna masa ƙofa. Abin da ya sa 'yan ƙasa suka tashi kafa nasu ke nan. Saboda haka zarginka gado ne. Sai dai duniya ta wuce nan, Alhaji. Bankin ya yi ta sauya suna, a 1969 ya zama Standard Bank of Nigeria, a 1979 ya koma First Bank bayan hannun jari mafi rinjaye ya dawo ga 'yan ƙasa. Ko a 2005, bayan gwamnan Babban Banki na lokacin, Soludo, ya ce kowane banki ya kawo jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, giwar tana tsaye. Kai kuwa hularka ɗaya tun mulkin Shagari.

Da aka zo da BVN a 2014 ka ce ba za ka dangwala yatsa ba, kada masu haraji su san sirrinka. Sirrin da duk Kwari ta sani! Sai farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, aka gan ka da asuba a bakin banki da jakunkuna biyu, takardun duk sun yi warin rima, wasu gara ta ɗanɗana, kana kiran mai gadi "ranka ya daɗe". Ka sani dai hukumar NDIC tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 in banki ya durƙushe. Gara ba ta biyan diyya.

Kada kuma ka fake da kuɗin ruwa. Ka buɗe asusun kasuwanci, ko ka nufi Jaiz da ya fara aiki tun 2012 ba ruwa ba ƙari. Ni na san abin da ke ci maka rai: 'yan nairorin da ake cirewa in ka tura kuɗi. Mai POS ma sai ka yi ciniki da shi ya rage maka hamsin.

Cika-ciki ya kusa, kuɗin sharata na bara da na bana suna wuyanka. Ka danna *894# ka turo, ko babu data yana tafiya. In ka ce sabis ya ɗauke, akwai mai POS a bakin layinku, na riga na yi masa kwatancen hular.