Jama'ar Zauren Neman Biza

Babu inda ɗan Najeriya yake nuna son ƙasarsa kamar a gaban takardar neman bizar Ingila. Mutumin da kullum yake kukan rashin wuta da tsadar fetur, yau shi ke rantsuwa ba abin da zai raba shi da gida: ga aiki, ga gona, ga iyali, aboki kawai zai gaisar ya juyo. Bizar ta wata 6 ce, kuɗinta ya tashi daga fam 115 zuwa 127 a Afrilun 2025, kuma in an hana ka ba a mayar da ko kwabo. Shi ya sa zauren jira a Abuja kullum cike yake da masu kishin ƙasa kala-kala.

Mai fayil ya zo da shaidar gama firamare, da takardar filin kakansa, da katin rigakafin yara. Shi dai kada a ce ya rage wani abu. Hajiya kuwa shekaranjiya aka yi bikin jikarta, yatsu goma sun sha lalle jawur, na'urar ɗaukar yatsa ta ce ba ta san zancen ba. "Hajiya, a ƙara dannawa." "Yaro, injinku ne ba lafiya. Da yatsun nan na je Makka na dawo."

Sai masanin layi, wanda Allah bai taɓa raba ni da zama kusa da shi ba. Ba ka tambaye shi ba, shi ma bai jira ka tambaya ba. Zai leƙa takardunka ta gefen ido, ya ja tsaki a hankali, ya ce, "Malam, aboki ka rubuta? Ai ka kashe kanka. Ɗan'uwa ake cewa." Na gefe da ya rubuta ɗan'uwa kuma, ya ce masa ai Bature da ya ga dangi ya san ba ka dawowa. A wurinsa ranar Talata ta fi sa'a, baƙin biro ya fi shuɗi, kuma wai ana duba murmushin mutum a hoto. Yana da ƙani a ciki, ko kuma abokin ƙani, ya danganta da wanda yake ba labarin. Ya san London unguwa-unguwa, har yana faɗa maka jirgin ƙasan da za ka hau daga Heathrow da inda ake sayar da kilishi. Zai tura ka ka yi wa yarinyar da ke bakin kanta fara'a, alhali ita aikinta hoto da yatsa ne kawai, hukuncin yana hannun wani jami'in da ba za ku taɓa haɗa ido ba. In ka ƙure shi ka ce, "To Alhaji, yaushe rabonka da can?" sai ya gyara hula ya ce wannan karon dai in sha Allahu ta faɗa.

Akwai mai asusun da ya kumbura dare ɗaya. Wata biyar asusu yana numfashi da ƙyar, sai ga miliyoyi sun faɗo ana saura mako guda. Yana zaune wayarsa na ruri, kawu ne: "An buga takardar bankin? To a maido mini kayana kafin la'asar." Mai duba takardu ya fi kowa sanin wannan kumburi, abin da zai fara tambaya shi ne daga ina.

Shi kansa abokin da za a je gani yana cikin jerin. Shekara da shekaru yana cewa, "Kai dai ka taho, ɗaki na nan." Ranar da ka nemi wasiƙar gayyata da hoton fasfo ɗinsa da shaidar gidan da yake, sai aiki ya yi masa yawa, saƙo ya shiga ya ƙi fitowa.

Masu duba imel kuma an ce musu mako 3, amma tun a bakin ƙofa suka fara, har cikin dare suna leƙa akwatin tarkace. Ba zan tsananta musu ba. Mutanen kirki ne, kuma na san hujjarsu ciki da waje.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne ejan ɗin nan mai shago da kwamfuta ɗaya, mai cewa "aiki na hannu". Ya karɓi kuɗin saniyar wani dattijo, ya ƙirƙiro masa takardar banki da wasiƙar kamfanin da bai taɓa takawa ba, ya cike fom da imel ɗinsa shi ejan, don kada mai abu ya ga abin da aka rubuta da sunansa. In aka gano ƙaryar, haramcin shiga na iya kai shekara 10, kuma a kan dattijon yake sauka, wanda ko karanta fom ɗin bai iya ba. Dattijo ya dawo da takardar hani a hannu yana tambayar me ta ce. Ejan ya karɓa, ya ninke ta huɗu, ya ce, "Baba, ba rabo ne. Amma Kanada a buɗe take yanzu, kuma ku zan rage muku."