Kanawa, ku sauko daga kan gada mu yi magana

Na san tun kafin in rufe baki wani zai ce, "Ƙyale shi, Bazazzagi ne, hassada ce." To, na ji. Hassadar ce kuma ta zaunar da ni fiye da rabin awa a cikin Adaidaita Sahu tsakanin Bata da Kantin Kwari, zufa na ɗiga, har wani yaro mai baro cike da atamfa ya wuce mu, ya sauke, ya dawo ya tarar da mu a inda ya bar mu. Har sannu ya yi mini.

Gada kam kun iya, ban musa ba. Ta Ƙofar Nassarawa, ta Dangi, ta Hotoro, ga doguwar nan ta Sabon Gari. Kowane gwamna sai ya kafa tasa, kamar mai ajiye hoto a falo. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, idan kun sauko, me kuke tararwa a gindinta? Cunkoson da kuka tsallake ne ya zagayo yana jiran ku. Gada ba ta rage yawan ababen hawa, wurin tsayuwa kawai take sauya musu. Tun da aka hana acaɓa a 2013 garin ya koma hannun 'yan Adaidaita, kowane da fasinja uku, alhali babbar bas ɗaya za ta kwashe na guda goma sha biyar ta bar wa 'yan KAROTA lokacin shan ruwa.

"To da kuɗinka aka yi?" A'a, Alhaji, ba da nawa ba. Sai dai akwai mai kuɗin, kuma ba ya hawa gadar. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, takwas ne kacal a cikin birni da kewaye. Shekara da shekaru kason kowace yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi, shi ya sa da aka tashi aikin gadojin Tal'udu da Ɗan Agundi aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan aljihun da za a taɓa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ku tambayi ciyaman ɗin garinku ko ya ji shigarsu.

Manomin tumatir na Kadawa bai nemi gada mai hawa uku ba. Hanya yake so wadda motar kwanduna za ta fita ba ta maƙale ba, kafin kayan su zama ruwa. Kwankwaso ya taɓa ɗauko shirin titin kilomita biyar a kowace ƙaramar hukuma, kuma a ganina wannan ya fi kowace gada ma'ana, sai dai da yawa an bar su rabi da rabi tsawon shekaru. Ƙauyen da ba hanya, matasansa birni suke tahowa, kuma sana'ar farko da ke jiran su ita ce tuƙin Adaidaita. Kun ga inda cunkoson naku yake tsirowa.

Na hango mai ɗaga hannu can baya: "Ku fa, ba ga gadar Ƙofar Doka ba?" Haka ne, mu ma an yi mana, har hoto na je na ɗauka a kai. Amma daga wajenku muka kwaso cutar.

Ran Asabar ina tafe sayayya kasuwar Singa. Wanda bai yarda ba ya same ni a Bata da ƙarfe huɗu na yamma, ya hau Adaidaita, ni in taka da ƙafa. Wanda ya zo na biyu shi zai sayi gurasa.