Sarki da Rawanin Labule

In wasan kwaikwayon ƙarshen zango ya matso, iyaye ke ji a jikinsu. Babbar rigar sallar Baba sai ta yi ɓatan dabo, labulen ɗakin Inna ya koma rawanin sarki. Gemun liman kuwa na auduga ne, irin na 'yan tashe, an manna da gam. Zufa na karyowa sai ya fara zamewa, liman ya ƙarasa wa'azi da hannu ɗaya a haɓa.

Wajen rabon kaya ma sai an kai ruwa rana. Kowa alkyabba yake so. Dogarai sun fi talakawa yawa, don kowa ya ji akwai bulala.

Masu zanen fosta su ma da nasu. Mai zane ya cika rabin kwali da sunansa, sunan wasan ya maƙale a lungu, rana da lokaci kuwa sai ka tambayi monita. Mugun bokan da aka zana kuma ya fito sak malamin lissafi, har da tabarau. Malam ya tsaya ya duba, ya yaba gwanintar, sannan ya sanar da gwaji ranar Litinin.