Neman Gidan Haya a Abuja: Matakansa da Ƙa'idojinsa

Neman gidan haya a Abuja cikakken aiki ne, sai dai mai yin sa ne yake biyan albashi. Ya samo asali tun ranar 12 ga Disamba 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kwaso kayanta daga Legas ta tare a birnin da aka yanke shawarar ginawa a 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed. An tanadi unguwar ministoci da ta jakadu, har da inda itatuwa za su tsaya. Akawu da direba da malamin makaranta kuwa, aka yi musu titi mai faɗi na shigowa da safe da fita da yamma.

Matakin farko shi ne sauka a gidan ɗan'uwa. Mai nema, wanda yawanci ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki ko ango mai jiran tarewa, yakan ce mako biyu kacal zai yi. Sai a yi ƙaramar Sallah yana nan, a yanka rago yana nan. Ana gane zaman ya isa idan naman miyarsa ya fara ƙanƙancewa, uwargida kuma ta mai da gaisuwar safe, "Baban Ummi, har yanzu ba a dace ba?" A wannan lokaci bakinsa bai san wata unguwa ba sai Wuse II da Garki da Jabi. Maitama da Asokoro ba ya ko ambatarsu, ko da yake can ne gidaje suke tsaye ba kowa a ciki sai maigadi da ƙadangaru. Ba don haya aka gina su ba, an gina su ne don kuɗi su sami wurin kwana.

Mataki na biyu shi ne dillali, wanda 'yan birni suke kira ejan. Ofishinsa wayoyi biyu ne da inuwar bishiya. Kafin a ga ko da ƙofar gida sai an biya shi kuɗin dubawa, kuɗin motar zuwa ma daga aljihun mai nema zai fito. Abin da ba ya faɗa da wuri shi ne bai san mai gidan ba. Ya san wani dillali, wanda ya san wani, wanda suke shan shayi da maigadin layin. Kafin a isa, mutum biyar ne ke biye da mai nema, kowa yana kiransa "Oga", kowa yana lissafin kasonsa a zuci. Idan an isa sai a tarar makulli yana hannun na shida, shi kuma ya ɗan leƙa Zuba. Saboda haka ta taga ake ganin yawancin gidajen hayar Abuja, da tafin hannu a gefen ido.

Dillali yana da nasa ma'aunin. Idan ya ce minti biyar ne zuwa bakin titi, da ƙarfe biyun dare ya auna, a kan babur, da rani. Idan ya ce ruwa ba matsala, sai a duba ƙofar gida: in kurar 'yan garuwa tana fake a wurin, to ruwan Madatsar Usuma bai san hanyar layin ba. Masu dabara sukan jinkirta dubawa sai watan Agusta, lokacin da bango yake faɗin gaskiyar da sabon fenti ya rufe. Akwai kuma wani bawan Allah da ba ya rabuwa da bakin dillalai: jiya ya zo ya ga gidan, gobe zai kawo kuɗi. Ba a taɓa ganin fuskarsa ba, amma babu ciki da falo ko boskwata a faɗin birnin da ba ya shirin biya gobe.

Daga nan sai lissafi. Albashi wata-wata yake zuwa, haya kuwa ta shekara ake nema a dunƙule, wani mai gidan ma sai ta shekara biyu. A kan wannan ake ɗora la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin lauya, shi ma galibi kashi 10. Lauyan ɗan'uwan mai biya gobe ne, ba a ganinsa. Aikinsa takarda ce mai shafi uku da aka goge sunan tsohon ɗan haya daga kanta. Sai kuɗin ajiya saboda ɓarna, waɗanda a ƙa'ida ake mayarwa ranar tashi, a aikace kuma ranar ce mai gida yake gano tsagar da ke bango tun kafin ɗan haya ya yi aure. Sai na gadi da shara da man janareta. Gidan naira miliyan 2 ya zama miliyan 2 da dubu 400 tun ba a zo kan waɗannan ba, alhali mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ko bai ci bai sha ba, 840,000 zai tara a shekara. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudurin hana karɓar hayar shekara a dunƙule a Babban Birnin Tarayya, har ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa. Bai zama doka ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda wurin masu gida aka kai ƙarar mai gida.

Wanda ya haɗa kuɗin sai ya gurfana gaban mai gida, inda tambayoyi suka fi na waliyyin amarya tsanani. Wane aiki, wace jiha, mata nawa, yara nawa, ana yawan baƙi? Gwauro abin zargi ne. Mace marar miji sai ta aro ɗan baffanta, a sa masa babbar riga, ya zauna yana gyaɗa kai. Lauya kuwa ba a ba shi haya, don ya san abin da takardar take nufi. A wannan zama kowa yana yin iyakar ƙoƙarinsa. Mai gida ya rantse rufi ba ya yoyo. Mai nema ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, daga ni sai iyali da yaro ɗaya," alhali ƙanin matarsa yana hanya, 'ya'yan yayansa biyu suna neman gurbin karatu, duk wanda kuma ya taso daga garinsu neman biza ko ganin likita a falonsa zai shimfiɗa tabarma. A sa hannu, a yi musabaha, kowa yana ganin shi ya ci riba.

Mafi yawan masu nema ba sa kaiwa wannan zama a cikin gari. Buri yana sauka unguwa-unguwa: Gwarinpa, Kubwa, Lugbe, Dutsen Alhaji, Nyanya, har a tsinci kai a Mararaba ko Masaka, ko a ɓulla Suleja ta ɗaya ɓangaren. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, abin da aka rage a haya direbobi ne suke karɓe shi. Ana fita da an sallame Asuba, a yi ta jan ciki a cunkoson Kugbo zuwa AYA, a dawo bayan Isha. Yaran gidan sukan san mahaifinsu ranar Asabar.

Mataki na ƙarshe shi ne rufin asiri. Sabon ɗan haya zai ɗauki hoto a harabar Masallacin Ƙasa ko jikin motar wani, ya ɗora a WhatsApp. A garinsu ya zama Alhajin Abuja, buƙatu su fara sauka: kuɗin makaranta, gudummawar biki, takardar neman aiki da ake so ya miƙa wa minista hannu da hannu. Ba zai musa ba, domin da bakinsa ya ce a Abuja yake. Mararaba da Masaka dai suna Ƙaramar Hukumar Karu ne ta Jihar Nasarawa, Suleja kuma tana Jihar Neja.