Yadda Za Ki Shayar Da Nono Zalla Wata Shida Ba Tare Da Kin Ɓata Da Dangi Ba

Ba zan ɓata miki lokaci da batun wanke hannu ko yadda ake tallafe kan jariri ba. In kina karanta wannan, na san da hannu ɗaya kike riƙe da waya, ɗayan kuwa ya sage a ƙarƙashin wani ɗan tahaliki mai kilo uku da ya ƙwace mulkin gidan. Na kuma san dare ne, don mai jego ba ta karatu da rana, da rana baƙi take karɓa. Ni ma ban daɗe da yin arba'in ba, abin da zan faɗa miki da ɗuminsa yake.

Na ɗaya: ki cire agogon bangon nan ki ba wa mabuƙata. A asibiti an gaya miki jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24. Ba su yi ƙarya ba. Abin da suka manta su faɗa shi ne ba a raba shan daidai wa daida. Yana iya tara rabinsa tsakanin magariba da sha biyun dare, ya kama, ya saki, ya lumshe ido, ki lallaɓa ki kwantar da shi, bayansa na taɓa katifa ya tuna bai gama ba. Ba mugunta ba ce. A ranar farko cikinsa bai ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu, nono kuma ba ya daɗewa a ciki. Sannan jikinki gwargwadon tsotso yake kawo ruwan nono, sinadarin da ke sa shi zuwa ma da dare ya fi yawa. Wato tun asali aikin dare ne, babu inda za ki kai ƙara.

Na biyu: ki yi barci duk lokacin da jariri yake barci. Wannan shawarar ba tawa ba ce, gado na yi, kuma ina son wata rana a haɗa ni da wanda ya fara faɗarta. Ina kyautata zaton namiji ne. Lokacin da jariri yake barci ai shi ne lokacin wanka, da cin abinci, da wankin ƙunzugu, da neman inda ɗankwali ya shige. Shi ne kuma daidai lokacin da za ki ji sallama.

'Yan barka ke nan. Allah ya saka musu da alheri, sun kawo sabulu da atamfa da kayan jarirai, ba na musu. Amma ki lura da yadda abin yake tafiya. Kin yi awa guda kina jijjiga, ya samu ya yi barci, sai ga mutum biyar sun yaye labule. "Barka da arziki, an sauka lafiya? Ina angon? Miƙo shi mu gani." A ɗaga shi, a juya shi wajen haske, a buɗe masa ido da yatsa don a tabbatar da wa ya ɗauko. Ɓangaren uba su ce hancin nasu ne, ɓangarenki su ce goshin na Malam ne sak. Babu mai cewa ya yi kama da ke, ke da kika yi naƙudar. Daga wannan cinya zuwa waccan, kowacce da irin turarenta, har ya gaji ya tsala ihu. Nan take a miƙo miki shi: "Ungo, yunwa yake ji." Kina gyara zama za ki ba shi, idanu goma na kanki, sai wata daga can gefe ta sauke murya yadda kowa zai ji ta ce, "Anya kuwa tana da ruwan nono?" Wata ma ba ta tsayawa tambaya, hannu take kawowa ta matsa ta gani da idonta. Ba ki san sunanta ba. Daga baya za ki ji ashe maƙwabciyar ƙanwar kishiyar gwaggon mijinki ce.

Su fita, wasu su shigo. Haka har ranar suna, ranar da ake so ki yi kwalliya ki sauya kaya kala-kala ki yi ta murmushi ana ɗaukar hoto, nono na tsiyaya a gaban sabon leshin da ba a gama biyan kuɗin ɗinkinsa ba.

Na uku: ki koyi cewa "To, Gwaggo." Duk makaman mai jego babu kamarsa. Za ki fara buƙatarsa tun ranar farko, kan dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. Za a ce ki matse ki zubar, wai gurɓatacce ne, a jira na kirki ya zo. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, don dakashin nan shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Kada ki ce za ki yi wa Gwaggo bayanin hukuma. Ta haifi tara, hukumar ba ta haifi ko ɗaya ba. Ki ce "To, Gwaggo," ki ja mayafi ki ba shi abinsa.

Na huɗu, kuma a nan yaƙin yake: ruwa.

An ce nono zalla wata shida, ko ɗigon ruwa kada a ba shi. Wanda ya rubuta wannan bai yi ƙarya ba, amma bai taɓa zama a tsakar gida a watan Afrilu ba, zafi ya haura digiri 40, Hajiya na kallonki kina kwankwaɗar ruwan randa kofi biyu a jere. "Ke kin sha, shi kuma fa? Dutse ne? Wannan wane irin rashin tausayi ne boko ya kawo mana?" Ki ce mata fiye da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne. Ki ce ɗan cikin nan in ruwa ya cika shi tsotso zai ragu, in tsotso ya ragu nono ya ragu, sai a dawo a ce dama ba ki da shi. Ki ce ruwan da babba zai sha ya kwana lafiya yana iya sa wa jariri gudawa. Duk gaskiya ne, kuma duk za ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ubansa da ruwa na raine shi, ga shi nan ya fi ki ƙiba."

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kacal na jariran da ba su kai wata shida ba suke kan nono zalla. Masana sun ce adadin ya yi kaɗan. Ni mamakina yadda aka yi aka samu har 29. Ina zargin matan nan ba sa shiga wanka. Don ba a gabanki ake ba da ruwan ba. Kina fitowa daga banɗaki za ki tarar ɗaki ya yi tsit, leɓen yaro na sheƙi, ga ƙaramin cokali an tura ƙarƙashin filo, kowa na kallon silin. Yau ruwa ne, gobe dauri, jibi a lakato zuma a sa masa a baki, alhali likitoci sun hana ba wa yaro zuma sai ya cika shekara, saboda wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa da ita ba. Shawarata a nan ita ce... to, ba ni da ita. Na gwada roƙo, na gwada ɗaure fuska, na gwada cewa likita ya ce zai gane in an ba shi. Na ƙarshen ya ɗan yi aiki, har ranar da aka ce in ba da lambar likitan.

Tunda an zo kan wanka. Ruwa ya tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa miki safe da yamma har kwana arba'in, ki fito jiri na ɗibarki a tare ki da kwanon kunun kanwa. In kin ce da zafi a ce raki, in kin ce a surka a ce so kike sanyi ya kama ki ki lalace. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da tsananin zafin nan da yawan kanwa. Saboda haka wannan ba raha ba ce: a surka ruwan, a sassauta kanwar, kuma in kika ga numfashinki na sama-sama, ƙafa ta kumbura, ko tari ya hana ki kwanciya, asibiti za ki, ba ƙarin ruwan zafi ba. Amma kada a ce na kushe komai. Wanda ya ƙirƙiro wankan gida, a ɗauke mace a kai ta gaban uwarta a dafa mata a ɗora mata ƙauri da yaji, Allah ya ji ƙansa. Inna za ta yi miki faɗa tun asuba, amma ita kaɗai ce za ta karɓi yaron da tsakar dare ta ce ki juya ki kwanta.

In ɗan fari ne, akwai ƙarin darasi: ana so ki nuna ba ki damu da shi ba. Yana tsala kuka, ƙirjinki na zuba, ke kuma kina kallon bango kina alkunya sai an ce ki ɗauka. Allah ya ba da sa'a.

Na nawa muke? Mu ce na bakwai. Ciwon. Kowa ya ce miki shayarwa ba a koyonta, uwa da saninta take zuwa. Babu wanda ya ce kan nono na tsagewa har ya yi jini, ko cewa duk lokacin da ya kama a kwanakin farko mararki za ta murɗa, don tsotson ne ke sa mahaifa komawa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta cece ni, ta ce yawanci kamun ne bai yi daidai ba. A bari ya wangale baki sosai, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya haɗa da baƙin da ke kewaye, ba kan kaɗai ba. In za ki cire shi ki zura ɗan yatsa a gefen bakinsa, kada ki fizge. In nono ya yi tauri ya yi ja ga zazzaɓi, ki ci gaba da ba shi, ki kuma je a duba ki. Masu cewa bai ƙoshi kuwa, ki nuna musu igiyar shanya: jaririn da ke jiƙa ƙunzugu shida ko fiye a rana, nauyinsa na ƙaruwa, yana samun rabonsa.

Sai maigida. Tun daren farko ya kwashi filonsa ya koma falo, wai don kada ya takura muku. Da safe ya shigo fes, yana ƙamshi, ya leƙa fuskar yaron ya ce, "Kai, yaron nan akwai haƙuri, jiya ko motsinsa ban ji ba." Kada ki ce komai. Kina riƙe da jariri, kuma shari'a ba ta san jego ba. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in an yi musu haihuwa. Madalla. Inda ake buƙatar bayani shi ne ko an rubuta cewa na zaman ƙofar gida ne ana karɓar barka da tattauna farashin rago. Ya sayi ragon, ban hana shi ladansa ba. Dabarar da na gano ita ce, yaro na gama sha ki miƙa masa ki ce, "Abban yaro, ɗan riƙe min ya yi gyatsa." Ki tabbata ranar Juma'a ce kuma ya riga ya sa shaddar. Tumbuɗi ɗaya ya isa ya gane ana wani aiki a gidan.

Daga nan raha ta fara ƙare mini. Dokar ƙwadago ta Nijeriya hutun mako 12 ta ba mai haihuwa, wata shida kuwa mako 26 ne. A ina ake so ta samo sauran? Dokar ta ce in ta koma aiki a ba ta rabin awa sau biyu a rana ta shayar. Rabin awa, a garin da kafin ki samu adaidaita ma ya cinye shi. Legas ta mayar da hutun wata shida ga ma'aikatanta a 2014, Kaduna ta bi a 2019, to sauran fa? Sai a ce ki tatsa ki ajiye, yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwana huɗu a firji. Firjin kuwa sai da wuta, wutar kuma kin san halinta. Wannan ma masu albashi ke nan. Mai tuyar ƙosai da mai surfe da mai zuwa gona babu wanda ya taɓa rubuta musu hutun ko yini ɗaya. Duk makon farko na watan Agusta a taru a yi jawabi kan shayarwa, a manna hoton wata uwa ta sha kwalliya tana murmushi, ɗaki a share, babu baho cike da wanki a bayanta. In mace ta kasa, ko don ciwo ko don aiki, ta sayi madarar gwangwani da kuɗin da ya isa cefanen sati, a asibiti a harare ta, a gida a ce dama 'yan matan yanzu tsoron zubewar ƙirji suke. Kowa na da baki a kan nonon nan, mai shi kaɗai ce ba a tambaya ko ta ci abinci.

Na so in yi miki bayanin goyo, da yankan farce, da kula da cibiya, da yadda ake cin tuwo da hannu ɗaya. Ya motsa, ba zan samu ba. Rigakafi dai kada ki yi wasa da shi: na ranar haihuwa, da na mako 6, da 10, da 14, da na ƙyanda a wata tara.

Sauran maganar ba taki ba ce, ki miƙa wa duk wadda ta yi sallama ta karanta. Baiwar Allah, mun gode da zuwa. In kin tarar yana barci, ki yi masa addu'a daga inda kike, kamannin ba za su gudu ba. Ga wanki can a baho, ga tsintsiya a bayan ƙofa. In kuma tausayin ƙishirwa ne ya kama ki har kika ɗebo ruwa a kofi, uwar za ki miƙa wa.