Bazazzagi, Samsung Ba Gidan Zamanka Ba Ne

Bawana Bazazzagi, ga gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka tako har Kano ka durƙusa. Labari ya iso mana cewa tun da ka sayi sabuwar Galaxy ka hana 'yan majalisa sakat, wai da za a ba ka biza, da tuni kana birnin Suwon kana ƙera waya a Samsung. To gyara zama ka ji yadda ma'aikatan gidan suke sha, kafin ka sayar da gonar gado.

Ba a shiga wurin da takardar kawu. Akwai jarrabawar ɗaukar aiki da ake kira GSAT, wadda matasan Koriya ta Kudu ke hana idonsu barci dominta. Mu ce ka haye, tunda ku kullum tinƙahonku boko. Saura sammako. A 1993 shugaban kamfanin, Lee Kun-hee, ya tara manyan ma'aikatansa a Frankfurt ta Jamus, ya ce kowa ya canza komai in ban da matarsa da 'ya'yansa. A shekarar ce aka mayar da aiki daga bakwai na safe zuwa huɗu na yamma. Bakwai fa, lokacin da kake nannaɗe cikin bargo kana jiran mai koko ta sauke. Daga baya an sassauta tsarin, amma har gobe ba wanda zai karɓi uzurinka na "na tsaya gaisuwar suna".

Su ba su san "a yi haƙuri, haka aka samu" ba. A 1995, da aka gano wayoyin kamfanin na ba da matsala, shugaban ya sa aka jibge waya da sauran na'urori kusan 150,000 a filin masana'antar Gumi. Aka jera ma'aikata wajen 2,000, kowa da ƙyalle ɗaure a goshi, aka bi kayan da guduma, aka cinna musu wuta. Wasu suna kallon guminsu na ci da wuta suna hawaye. Da kana wurin, na rantse sai an kama ka da guda uku a aljihun 'yar ciki, kana cewa ai batir ɗin da sauransa.

Inda za ka fi shan wuya shi ne wajen girma. A 2017 kamfanin ya rage matakan ma'aikata daga bakwai zuwa huɗu, ya ce a daina kiran juna da muƙami, a kira sunan mutum a haɗa da kalmar ladabi guda ɗaya, shi ke nan. Kai da ba ka amsa sallama sai an jero Alhaji, Dakta, Injiniya, yaya za ka yi ranar da yaron da ka haifa ya kira sunanka na yanka? Sun ma yarda a sa gajeren wando a ofis lokacin zafi. Don Allah ka rufa wa Zazzau asiri, kada a ga ƙwaurinka a Asiya.

Amma kada ka ɗauka mutanen ba sa gajiya. Shekaru da yawa kamfanin bai yarda da ƙungiyar ƙwadago ba, sai a 2020 ɗan Lee Kun-hee, Lee Jae-yong, ya fito ya nemi afuwa, ya ce an bar wannan aƙida. A 2024 aka ce manyan jami'ai su riƙa aiki kwana shida a mako. A watan Yunin shekarar ma'aikata suka yi yajin aiki na farko tun kafa Samsung Electronics a 1969, a kan albashi da alawus da hutu. Ka san yadda suka yi shi? Hutun kwana ɗaya suka ɗauka daga cikin hutunsu na shekara! Sai a watan Yuli suka ajiye aiki da gaske.

Nan kaɗai na ga gurbinka. Ku da jami'a ke maƙwabtaka da ku, yajin wata takwas ma kun gani a 2022, kai za su naɗa sarkin yaji. Sai dai kafin a kai ga naɗin an kore ka saboda latti.

Shawara kyauta: hau mota a Kwangila ka sauka Kano. Zan roƙa maka tebur a kasuwar waya ta Farm Centre, ka riƙa manna gilashi a fuskar waya. Ka zo sha ɗaya, ka tashi la'asar, in kuma sa yara su riƙa ce maka Injiniya. Kuɗin tebur kuwa, bawa ba ya biyan ubangidansa, sai dai duk cinikin nawa ne.